Babur a tsakanin motoci: Haɗurran da mahaya ke fuskanta a Fatakwal, Anacha da Enugu

Babur na cikin abubuwan hawa mafi arha da saurin kai mutum inda za shi a Nijeriya, kuma shi ne mafi barin mahayinsa a fili idan aka yi karo. A biranen Fatakwal da Enugu da Onitsha, wadda 'yan kasuwar Arewa ke kira Anacha, matasa da dama daga jihohin Arewa na cin abinci da shi: wasu acaba suke yi a bayan gari, wasu kuma nama ko kayan gwari ko saƙo suke kaiwa daga kasuwa zuwa kasuwa. Hanyoyin da suke bi su ne na tankokin mai da tireloli da motocin haya masu gaggawa. Wannan bayani ya tattaro tarihin sana'ar, da dokokin da suka shafe ta a jihohin uku, da yadda karo ke aukuwa, da matakan da aka tabbatar suna ceton rai.

Asalin sana'ar

Haya da babur ta bunƙasa a Nijeriya ne daga ƙarshen shekarun 1980, bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya sa mota da kayan gyaranta sun yi tsada, motocin haya suka ragu a birane, ma'aikata da yawa kuma suka rasa aiki. A Arewa ana kiran sana'ar acaba ko kabu-kabu. A Kudu sunan okada ne ya fi yaɗuwa, wanda aka aro daga kamfanin jiragen sama na Okada Air na Cif Gabriel Igbinedion, saboda babur na ratsa cunkoso ya isa da wuri. A ƙasar Ibo ana kuma ce mata inaga. Garin Nnewi na Jihar Anambra ya zama babbar cibiyar cinikin babura da kayan gyaransu, kuma daga can ake sarin kaya zuwa kasuwannin Arewa da dama.

Hausawa a biranen uku

Zaman 'yan Arewa a wannan yanki ya girmi babur ɗin haya nesa ba kusa ba. Fataucin shanu da kayan abinci ne ya fara kawo su, layin dogon da ya haɗa Fatakwal da Enugu da Arewa kuma ya ƙara yawansu. Malam Umaru Altine, ɗan asalin lardin Sakkwato, shi aka zaɓa ya zama magajin garin Enugu na farko.

A Enugu, an san unguwar Ama Hausa da ke titin Owerri Road, da kasuwar Gariki ta Awkunanaw, da mahaɗar 9th Mile da ke Ngwo, inda hanyar Arewa ke haɗuwa da ta Anacha. A Anacha akwai yankin Bida Road da ke kusa da babbar kasuwa, da kuma bakin gadar Neja. A Fatakwal da kewayenta, 'yan Arewa na da yawa a Diobu da Oyigbo da Eleme. A kan manyan hanyoyin da suka haɗa biranen kuma akwai kasuwannin dabbobi, irin su Ugwuoba da Amansea a tsakanin Enugu da Anacha, da Lokpanta ta Jihar Abia a kan hanyar Enugu zuwa Fatakwal. Kusan dukkan waɗannan wurare suna bakin manyan tituna ne ko wuraren sauke lodi, wato inda manyan motoci suka fi yawa.

Dokokin hana acaba da abin da suka haifar

Jihohin uku duk sun hana acaba a tsakiyar manyan biranensu. A Jihar Ribas, gwamnatin Rotimi Amaechi ta hana ta a Fatakwal da ƙananan hukumomin da ke kewaye da ita daga farkon 2009. A Enugu, gwamnatin Sullivan Chime ta hana ta a cikin babban birnin jihar a watan Yulin 2012. A Anambra, gwamnatin Willie Obiano ta hana ta a Anacha da Awka daga 1 ga Yulin 2018. Dalilan da gwamnatocin suka bayar sun yi kama da juna: yawan haɗurra, da amfani da babur wajen fashi da sauran laifuffuka.

Irin wannan mataki bai tsaya a Kudu maso Gabas da yankin Neja Delta ba. An hana acaba a tsakiyar Abuja a 2006. Kano ta hana goyo a babur a watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero. Legas ta taƙaita sana'ar a 2012, ta sake tsaurarawa a 2020 da 2022. Kowane hani yakan tura wasu mahaya zuwa keke mai ƙafa uku, wanda Kanawa ke kira A Daidaita Sahu, wasu kuma su koma wata jihar ko bayan gari.

A nan matsala ta biyu take. A bayan gari motoci sun fi gudu, fitilun titi sun yi ƙaranci, asibiti kuma ya yi nisa. Ga shi kuma mahayin da ya saci hanya ya shiga inda aka hana, hankalinsa yakan koma kan jami'an da za su ƙwace masa babur maimakon motar da ke gabansa. Gudun tsere wa kamu, da bin hannun da ba nasa ba, da yanke titi ba zato suna daga halayen da wannan fargaba ke haifarwa. Iyakokin hanin sun bambanta daga jiha zuwa jiha, kuma sukan canza, don haka abu na farko da ya kamata baƙo ya yi shi ne ya tambayi shugabannin ƙungiyar mahaya ko fadar Sarkin Hausawan garin inda aka yarda a bi da inda aka hana.

Dalilin da ya sa mai babur ya fi jin jiki

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a haɗurran hanya a kowace shekara, kuma fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur. Haɗarin hanya ne kan gaba wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29, nahiyar Afirka ce kuma ta fi yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'a. Alƙaluman hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka sun daɗe suna nuna cewa, a tafiya mai nisa iri ɗaya, yiwuwar mutuwar mai babur ta ninka ta wanda ke cikin mota fiye da sau 20.

Dalilin a fili yake. Babur ɗin haya bai fi kilo 100 da 'yan kai ba, ƙaramar mota ta haura tan ɗaya, tirela mai cikakken lodi kuma takan kai tan 30 ko fiye. Wanda ke cikin mota yana da ƙarfen da ya kewaye shi da bel da ke riƙe shi. Mai babur kuwa jikinsa ne ke karɓar dukan. Idan ya yi karo yana gudun kilomita 50 a sa'a, ƙarfin da zai bugi jikinsa daidai yake da na wanda ya faɗo daga tsayin kusan mita 10, wato bene mai hawa uku. A wannan gudun babur na cin kusan mita 14 a daƙiƙa ɗaya, kafin ma mahayin ya taka birki. Idan gudu ya ninka sau biyu, tazarar da ake buƙata kafin birki ya tsayar da babur takan ninka sau huɗu.

Inda karo ya fi aukuwa

Wani bincike da Farfesa Harry Hurt ya jagoranta a Amurka, wanda aka wallafa a 1981, ya gano cewa kusan kashi uku cikin huɗu na haɗurran babur karo ne da wani abin hawa, kuma a kashi biyu cikin uku na irin wannan karon, direban ɗaya abin hawan ne ya shiga hanyar babur, galibi don bai gan shi ba. Hanyoyin Nijeriya sun bambanta da na can, amma darasin bai canza ba: idon direba mota yake nema, babur kuwa siriri ne, yana ɓacewa a bayan wata motar, kuma da wuya a kimanta gudunsa daga nesa.

Wuri na farko shi ne mahaɗa. A Nijeriya ana tuƙi ne a hannun dama tun 1972, saboda haka motar da za ta karya hagu sai ta ƙetare gaban masu tahowa. Direban da ya ɗauka babur na nesa yakan shiga, mahayin ya daki gefen motar. Maganin shi ne rage gudu kafin kowace mahaɗa, a ɗora yatsu a kan birki, a kuma kalli tayar gaban motar da ke jira, domin ita ce ke fara nuna cewa za ta motsa.

Na biyu shi ne gefen babbar mota. Direban tirela ko tanka ko tifa ba ya ganin abin da ke daf da gabansa, ko daf da bayansa, ko wani yanki mai faɗi a gefensa na dama. Ƙa'idar da ake koyarwa ita ce, wanda ba ya hango fuskar direba a madubin motar, to shi ma direban ba ya ganinsa. Tirelar da za ta karya dama takan fara buɗawa hagu, sai a ga kamar ta bar fili. Mai babur da ya kutsa wannan fili tayoyin baya ne ke rutsa shi da gefen titi.

Na uku shi ne wurin da motocin haya ke tsayawa. A wurare irin su Upper Iweka a Anacha, da mahaɗar Eleme a Fatakwal, da 9th Mile, bas kan tsaya ɗaukar fasinja ba tare da sigina ba, ƙofa takan buɗe kwatsam, mai tafiya a ƙasa kuma yakan fito daga tsakanin motoci biyu. Ratsa cunkoso da gudu a irin waɗannan wurare ganganci ne.

Na huɗu shi ne dare. Babur mai fitila ɗaya yakan saje da fitilun motocin da ke bayansa, wanda fitilarsa ta baya ta mutu kuwa ba a ganinsa sai an zo kansa. Motar da ta lalace aka bar ta a kan titi ba alama na cikin abubuwan da ke halaka mahaya da dare.

Ruwan sama, gangara da tankoki

Mahayin da ya koyi babur a Kano ko Sakkwato yakan tarar da wani yanayi dabam a kurmi. Ruwan saman da Fatakwal ke samu a shekara ya haura milimita 2,000, fiye da ninki biyu na abin da Kano ke samu, kuma damina ta fi tsawo. Ruwa yakan rufe ramuka da bakin lambatu, yayyafin farko kuma yakan taso da man da ya zuba a kan kwalta, titi ya yi santsi. Tayar da ta suɗe ba ta da abin da za ta riƙe da shi a irin wannan hali.

Enugu gari ne na tuddai. Gangaren Ugwu Onyeama da ke kan hanyar Enugu zuwa Anacha ya yi ƙaurin suna wajen shanyewar birkin manyan motoci, kuma a watan Janairun 2025 wata tankar mai ta yi haɗari a wurin ta kama da wuta, mutane da dama suka rasu. A ranar 16 ga Oktoban 2019 wata tankar ta faɗi a Upper Iweka, wutar ta bi magudanar ruwa ta cinye wani sashe na kasuwar Ochanja. A Ribas, hanyar East-West ta yankin Eleme ce ke ɗaukar motocin matatar mai da na tashar jiragen ruwa ta Onne. A gangara, bai kamata mai babur ya zauna a gaban babbar mota ba. Idan kuma tanka ta faɗi, nesanta da ita ne kawai kariya, domin ɗibar man da ya zube ya sha jawo asarar rayuka masu yawa a ƙasar nan.

Hular kwano

Raunin kai ne babban abin da ke kashe masu babur. Nazarin da cibiyar Cochrane ta yi a kan bincike da dama ya nuna cewa hular kwano na rage yiwuwar mutuwa da kusan kashi 42 cikin 100, tana kuma rage raunin kai da kusan kashi 69 cikin 100. Ɓawonta na waje yana baza ƙarfin duka, soson da ke ciki kuma yana shanye shi kafin ya kai ga ƙwaƙwalwa.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a watan Fabrairun 1988, ta fara tilasta sanya hular a faɗin ƙasa daga 1 ga Janairun 2009. A lokacin an ga mahaya sun kifa ƙwarya ko kwanon roba a ka don kauce wa kamu, wasu fasinjoji kuma suka ƙi sawa saboda tsoron cututtukan fata ko camfin cewa ana haɗa baki da hular a sace mutum. Zafi da tsada ma suna cikin uzurorin da ake bayarwa har yau. Sai dai kuɗin hula bai kai na jinyar kwana ɗaya a sashen masu raunin kai ba.

Ba kowace hula ce ke kariya ba. Hular magina an yi ta ne don abin da zai faɗo daga sama, ba don karo a titi ba. Hular da ba a ɗaure igiyarta a haɓa ba takan fice kafin kai ya taɓa ƙasa. Wadda ta taɓa shan duka mai ƙarfi kuma ta gama aiki ko da ba a ga tsaga a jikinta ba, domin soson ciki ya riga ya matse. Fasinja na buƙatar hula kamar yadda matuƙi ke buƙata.

Sutura, lodi da lafiyar babur

Takalmi rufaffe ya fi silifas, riga mai haske ko mai ƙyalli kuma tana sa direba ya hango mahayi da wuri. Babbar riga da zani da dogon hijabi sukan shiga tayar baya ko sarƙa su fizgo mai su ƙasa, saboda haka a tattare su kafin a tashi. Ɗaukar mutum uku ko huɗu, ko ɗaure buhuna da dabbobi fiye da kima, yana ɗage nauyi daga tayar gaba, ya hana babur juyawa da tsayawa yadda ya kamata. Kafin fita kowace safiya, a duba birkin gaba da na baya, da iskar taya, da fitilu, da sarƙa. Cire madubi don a ji daɗin ratsa cunkoso kuwa makantar da kai ne daga abin da ke tahowa ta baya.

Akwai kuma matsin balas. Mahayin da ya karɓi babur bashi ko haya yana da adadin kuɗin da zai kai wa mai shi, tun bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuma ribar ta ƙara tsukewa. Wannan ne ke sa wasu yin aiki daga asuba har dare, wasu kuma su nemi ƙarfi a Tramadol da makamantansa. Ƙwaya tana ɓoye gajiya ne kawai. Tana rage saurin yanke shawara, yawan shanta kuma na iya jawo farfaɗiya ana cikin tuƙi.

Abin da doka ta tanada

Dokokin hanya na ƙasa sun wajabta wa mai babur mallakar lasisin tuƙi na rukunin A, da rajista da lamba, da hular kwano ga matuƙi da fasinja. Kundin ƙa'idojin hanya ya ƙayyade wa babur gudun kilomita 50 a sa'a. Inshorar da ke biyan diyya ga wanda aka yi wa ɓarna ita ma wajibi ce, kuma farashin da hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta sanya wa babur daga Janairun 2023 shi ne naira 3,000 a shekara.

Takardu na da wani amfani na musamman ga baƙo. Idan aka yi karo a garin da mutum ba ya jin harshensa, taro yakan yanke hukunci tun kafin jami'ai su iso, kuma ƙaramin saɓani tsakanin mahayi da direba na iya rikiɗewa ya zama rikicin ƙabilanci da zai shafi waɗanda ba su ji ba su gani ba. Mahayin da ke da lasisi da rajista da katin ƙungiya ya fi samun wanda zai tsaya masa, kuma ya fi iya neman haƙƙinsa idan shi aka zalunta.

Nauyin da ke kan direban mota

Kiyaye rayuwar mai babur ba aikinsa ba ne shi kaɗai. Ana buƙatar direba ya duba sau biyu kafin ya karya kwana ko ya shiga babban titi, ya kunna sigina da wuri, ya waiwaya kafin ya buɗe ƙofa. Idan zai wuce babur ya ba shi fili kamar yadda zai ba mota, domin mahayi na iya kauce wa rami a kowane lokaci. Bin babur daf da daf na nufin idan ya faɗi, motar ce za ta bi ta kansa. Waya a hannun direba tana cikin manyan dalilan rashin ganin babur.

Bayan aukuwar haɗari

Abu na farko shi ne tsare wurin don kada wata motar ta ƙara afka wa wanda ya faɗi, sannan a kira FRSC a lambarta ta kyauta, 122, ko lambar gaggawa ta ƙasa, 112. Kada a ja wanda ya ji rauni ta hannu ko ƙafa, kada kuma a cire masa hula da ƙarfi sai idan numfashinsa ya toshe, domin motsa wuyan da ya karye na iya shanye jiki har abada. A danne inda jini ke zuba da tsumma mai tsabta, kuma kada a ba shi ruwa ko abinci. Wanda ya bugu a ka ya miƙe yana cewa lafiyarsa lau, a kai shi asibiti duk da haka. Amai ko barci mai nauyi ko ruɗewa bayan sa'o'i alamu ne na zubar jini a cikin kai.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta wa asibiti ƙin karɓar wanda ke buƙatar taimakon gaggawa. A yankin akwai Asibitin Ƙashi na Ƙasa da ke Enugu, takwaran na Dala a Kano da na Igbobi a Legas, da asibitocin koyarwa na Fatakwal da Nnewi da Ituku-Ozalla. Al'adar da ta zama ruwan dare ita ce a haɗa kuɗi a sa wanda ya karye a motar kaya zuwa gida wurin mai ɗori. Tafiyar yini da kwana da karayar da ta huda fata, ko da ɗaurin da ya matse jijiyoyin jini, na iya sa ƙafa ta ruɓe har a kai ga yanke ta. Ya fi dacewa a ɗauki hoton ƙashi, a wanke raunin, likita ya tabbatar da cewa tafiyar ba za ta cutar ba, kafin a yanke shawarar komawa gida.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware shekarun 2021 zuwa 2030 don rage mace-mace da raunukan hanya da rabi, kuma Nijeriya na cikin ƙasashen da suka amince da wannan buri. Gyaran tituna da fitilu da binciken lafiyar manyan motoci aikin gwamnati ne. Amma akwai abin da ke hannun al'ummar kanta: ƙungiyoyin mahaya da sarakunan Hausawa da limaman masallatan Juma'a na waɗannan unguwanni su ne suka san wanda ya iso jiya da wanda aka damƙa wa babur bai ƙware ba. Sharaɗin cewa ba za a ba sabon zuwa babur ba sai ya koyi hanyoyin garin, ya mallaki lasisi da hula biyu, mataki ne da ba ya jiran kasafin kuɗin kowace gwamnati. Mafi yawan waɗannan matasa akwai iyaye da mata da 'ya'ya a Arewa da ke jiran saƙonsu a ƙarshen mako.